Wutar Maƙera da Zuriyar Alkasim

Daga yayanka Mainassara maƙeri a Guci, zuwa ga ƙanena Jibo a Kumasi. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka, ya yi wa fataucinka albarka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwoyina da suka daina shawara da ni. Gero ya fara fitar da kai, gyaɗa kuwa tana nan yadda Nasara yake son ta.

Bayan haka, maganar ɗanka Alkasim ce, ɗana na fari, wanda na sakar wa maƙera tun da idona ya raunana. Ka san ya rabu da Hinda saboda rashin haihuwa, ya auri Balki, ita ma shiru har yau. To, Hinda ta yi aure a Sassumbrum, kuma bara ta haifi tagwaye, maza, masu ƙarfin kuka. Tun ranar da labarin ya iso, matan gidanmu suka daina jiƙa wa Balki saiwoyi, kowa ya koma kallon ƙasa. Uban Balki ya zo da kansa, cikin mutunci, ya ce shi ba ya neman rigima, amma in an ɗaure damin gero bana babu labari, zai ɗauki 'yarsa. Balki ta ce ba inda za ta. Sai dai ka san maganarta ba za ta rinjayi tasa ba.

Da likitan Magariya ya zo yi wa yara lambar agana, wani baƙar fata ne da ya yi karatu a Dakar, na ja shi gefe na faɗa masa matsalar Alkasim, ina jin kunya kamar sabon ango. Ya ce in kai shi maƙera. Ya tarar da Alkasim zaune yadda kakanninmu suka zauna, a ƙasa, ƙafafu buɗe, uwar maƙera a tsakani, gawayi yana huci a gabansa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce mini ba banza Allah ya rataye marainan namiji a waje ba, sanyi suke so. Wai a cikinsu akwai wasu ƙananan abubuwa masu renon iri kamar uwar goyo, in zafi ya daɗe a kansu sai su gaji, irin ya lalace. Ya ce haka abin yake ga rago, haka ga biri. Na tuna biran da ke ɓarna a gonarmu, rana na take tsaka sai su haye inuwar gawo su baje. Ashe duk shekarun nan da muke jifansu sun fi mu sanin abin da suke tsaro.

Na ce wa likitan ni ma a gaban wutar nan na tsufa, na kuma haifa. Amma tun kafin ya amsa na ba kaina amsa. Mu a zamaninmu da hantsi muke kashe wuta, kuma ƙirar hauya tana da lokacinta. Alkasim kuwa tun da kumandan Nasara ya ɗora wa maƙerarmu gyaran diga da shebur na masu aikin dole a hanyar Damagaram, daga asuba har faɗuwar rana yake zaune, bazara da damina, dogari tsaye a kansa. Likita ya ce in ya nisanci wuta wata da watanni, wataƙila a dace, bai yi alkawari ba. Na je gun maigari, ya ce shi ma umarni yake bi. Na ɗauki masaba da kaina in karɓi Alkasim, na auna ƙarfe na bugi yatsana, dogarin ma sai da ya yi dariya.

Ga inda na tsaya, Jibo. In Alkasim ya bar wuta a ɗaure shi, in ya zauna maƙerar ubanmu ta ƙare a kansa. Hannu ɗaya ya rage da ya san wannan aiki, na ɗanka Sambo, wanda ya koya a gabana kafin ku tafi. Ka aiko mini shi ya karɓi Alkasim. Na san abin da nake roƙo, kuma na san wutar da zan zaunar da shi a gabanta. Shi ya sa ban ambaci ƙaninsa ba, Sambo ne ya riga ya haifa. In ka ce a'a, ba zan riƙe ka a zuciya ba.

Ka gai da matarka Yakura da Sambo da yaransa. Gwaggo Gimbiya tana gaishe ka, Balki ma. Alkasim bai san na rubuto ba, ina jin bugun masabarsa daga nan. Geron nan kuwa ba ya jiran kowa.

Yayanka,
Mainassara