Mma, Ba Zan Zubar da Ruwan Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga mahaifiyata, Mma Hajara. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Zuwaira, autarki, daga ɗakinki na unguwar Nima da kika bar mini.

Mma, ƙara na kawo miki. Ƙaninki Kawu Inuwa ya ba ni wa'adi zuwa Juma'a: ko in zubar da ruwan da na ajiye a ɗaki, ko in kwashe keken ɗinkina in bar gidan. Wai tsafi nake yi. Ni! Ni da kika tasa gaba da tsumagiya har makarantar allo.

Ga tsafin nawa, ki ji. Akwatin gilashi ne, bai fi kamu biyu ba, na ɗora shi gindin taga inda kike shimfiɗa darduma. Yashi a ƙasa, ciyayin ruwa shuke a ciki, da 'yan kifaye bakwai da ba su kai ɗan yatsa ba. Wajen wata mata a unguwar Kawukudi na samo su.

Kin tuna in famfo ya ɗauke muna layi da bokitai, sai ki ɗauko labarin tsohon Kete Krachi? Kina yarinya aka tare kogi, ruwa ya shanye garinku. Kullum sai kin ce, "Gidan ubana na ƙarƙashin ruwa, kifi ke kwana a ɗakina." Mu yi ta dariya, ke ba kya yi. Duk zamanki a Nima, ruwan da kika gani yana gudu sai na babbar kwata.

Da farko na yi ɓarna, kuma ke kika ja mini. Kwana uku da haɗa akwatin, ruwan ya yi fari kamar an dama koko. Sai hannuna ya tafi inda naki ke zuwa: na ɗauko alif na kaɗa a ciki, yadda kike yi wa ruwan randa in ya gurɓace. Ruwa ya yi garau, Mma, kifi kuma duk ciki sama. Na yi kuka har idona ya kumbura. Matar Kawukudi ta wanke ni tas. Ta ce sabon ruwa dole ya gurɓace, a ƙyale shi ya kwanta da kansa, ciyayi su kama ƙasa tukuna kafin a saka kifi, ruwan famfo ma sai ya kwana a buɗe. Na sake daga farko. Sati huɗu ina kallon ciyawa zalla, ni da ba na iya jiran shinkafa ta nuna.

Abin da ya tunzura Kawu kuwa randarki ce. Ta fashe bayan rasuwarki, na kasa zubarwa. Na wanke wani ɓari na kifa shi kan yashin, ya zama ɗan ɗaki. Wata a gidan ta leƙo ta ga tukunya ƙarƙashin ruwa, kafin la'asar kowa ya ji Zuwaira na kiwon 'yan ruwa. Yanzu in na fito tsakar gida sai a janye yara. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba.

Amma wallahi ba zan zubar ba. Na ce wa Kawu ya kawo duk malamin da ya yarda da shi, ya nuna mini inda aka haramta shuka ciyawa a ruwa. Shi da aka goyo shi daga garin da ruwa ya shanye ranar da kuka taso, ko sau ɗaya bai leƙo ya duba ba. Ina jin ba aljanu yake tsoro ba.

Ranar Juma'a zan ɗage labule, in ajiye masa kujera gaban gilashin. Ya zauna ya kalli wani ɗan jan kifi yana shiga ɓarin randarki yana kwanciya. In bayan haka bakinsa ya iya cewa in fita, to zan fita, da ruwana a ka, in ratsa Nima kowa na kallo.

Mma, har yanzu kifi ke kwana a ɗakinki. Sai dai wannan karon ɗakin yana inda nake ganinsa.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya ba ki gida a gefen ƙoramar da ba ta cin gari. Ya sanyaya zuciyar Kawu, ni kuma ya ƙara mini taurin kan da na gada wajenki. Amin.

'Yarki da ba ta jin magana,
Zuwaira