Kunnen Kyalla

Birnin Kudu,
8 ga Janairu, 1976.

Zuwa ga Yaya Zahara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta maigidanki da yara, ina fata sanyin bana bai matsa muku a Gwaram ba. Uwargidana Abu tana gaishe ki.

Na sami saƙonki ta hannun Ɗan'auta direba, cewa Madam Veronica, mai kantin nan na Kano da take sayen man shanun ƙungiyarku ta mata, ta ce ba za ta ƙara karɓar kwalba ba sai da tambari a jiki, don wasu suna cakuɗa nasu da kitse suna cewa na Gwaram ne. Kin ce in zana muku. Na yarda, kuma gaskiyar magana ni ma ina da bukata a ciki.

Kin san na jima ina karatun zane ta gidan waya, daga wata makaranta a Legas. Aikin ƙarshe shi ne in ƙirƙiro wa wata sana'a tambari, masu sana'ar su karɓa, su sa hannu, in aika da samfurin da suke aiki da shi. In babu wannan, babu takardar shaida. Ofishin yaɗa labarai yana neman mai zane kafin damina, kuma sai mai takarda. Na haura arba'in, Yaya. In wannan ta wuce ni, a kan teburin akawun ofishin gona zan tsufa, ina kwafar sunayen masu karɓar taki.

Ga zanen a ciki, saniya ce. Darasi ya koya mana ƙa'ida uku: tambari ya zama mai sauƙi, a gane shi daga nesa, kuma da zarar an tsayar da shi kada a sake taɓa shi. Shi ya sa za ki ga da layi kaɗan na yi saniyar. Na sake ta sau da yawa, har yanzu ƙahon bai kwanta mini ba. Ki nuna wa matan, ki sa hannu a takardar da ke baya.

Ni ne ƙanenki,
Sada.

Gwaram.

Ƙanena Sada,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Ka yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne, ba na Legas ba.

Na tara mata a gidan Inna Jummai, wadda ta fi mu shekaru, na buɗe takardarka. Inna Jummai ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta ce, "Wannan kujera ce ko turmi?" Na ce saniya ce. Hapsatu matar Maikuɗi ta ce, "To ina hantsar?" Na duba, babu. Ta ce, "Mai muke sayarwa, aka kawo mana saniyar da ba ta da wurin tatsa." Wata daga baya ta ce a fara kai ta wurin malamin dabbobi tukuna, da gani sammore ne ya cinye ta.

Sada, a garke aka haife ka. Kafin a kai ka makaranta kai ne mai bin Baba da gora. Me ya same ka? Ban sa hannu ba. Ka zano mana saniya irin wadda mutum zai gani ya ce Allah ya sa albarka.

Ka gai da Abu. Na ji labari ka cika ɗaki da takardu har babu wurin shimfiɗa tabarma.

Yayarka,
Zahara'u.

Birnin Kudu,
29 ga Janairu, 1976.

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na karanta wasiƙarki, na ajiye, na fita na zaga bayan gida, na dawo na sake karantawa.

Tambari ba hoto ba ne. Ban sa hantsa ba saboda in aka ƙanƙanta zanen don ya dace da kwalba, sai ta koma ɗigon tawada, mutum ya zaci ƙuda ne ya sauka. Wannan bayani yana cikin darasi, ba ni na ƙago shi ba. Da Inna Jummai ta tsaya daga nesa kamar yadda na nufa, da ba ta ga turmi ba.

Amma bayan fushin ya sauka, na jingina zanen a bango, na tsaya daga bakin ƙofa, na kira Abu na ce me ta gani. Ta ce kujera. Na rubuta wannan a littafina na yau da kullum, tare da tambayar da nake yi wa kaina tun da na fara karatun nan, ko ni ne ban iya ba.

Saboda haka na ajiye darasi, na zana Kyalla, saniyar Baba mai farin goshi, wadda muka girma da nononta. Da ka na zana ta, kuma na yi mamakin yadda ta fito. Ga hantsa, ga tozo, ga tsagar da Baba yake yi wa shanunsa a kunnen hagu. Malam Luke na makarantar sakandare ya ba ni faifan roba, na sassaƙa ta da reza ta zama hatimi, na yanke yatsa a wajen. Ga ɗaurin takardun da na buga. A shafa ƙaro a baya a manna.

Ina roƙonki ki sa hannu. Lokaci yana tafiya.

Naki,
Sada.

Gwaram.

Sada,

Gaisuwa. Ka jawo mini magana.

Kyalla ce, kowa ya gane ta. Inna Jummai har ta yi wa Baba addu'a. Ina murna ina neman biro, sai Hapsatu ta kawo takardar kusa da ido, ta fashe da dariya, ta ce, "Ashe Malam Sada ya san gaskiya." Na karɓa na duba. Sada, tsagar a kunnen dama take. Tsaga a dama shaidar gidan su Maikuɗi ce.

Kai kana makaranta lokacin, ko ka manta. Baba da mahaifin Maikuɗi sun yi jayayya kan uwar Kyalla har gaban dagaci, aka ba Baba gaskiya. Magana ta kwanta tun kafin in yi aure. Yanzu Hapsatu tana bi gida gida da takardarka a ƙarƙashin mayafi, tana cewa ɗan gidan ma ya yarda tasu ce, ga shi a buge.

Sauran matan kuma sun ce hagu ko dama bai shafe su ba. Suka ce yaya za su kaɗa mai da hannunsu, ya tafi Kano da saniyar wani gida a goshi. Mutanen Inna Jummai sun ce za su koma kai nasu kasuwa a ƙwarya kamar da. In suka fita, ba za mu iya cika wa Madam kwalabenta ba, ƙungiya ta watse ke nan, ka ga babu mai sa maka hannu.

Da ka bar mu da kujerar, da ya fi.

Zahara'u.

Birnin Kudu,
17 ga Fabrairu, 1976.

Yaya,

Bayan gaisuwa da ban haƙuri. Ban manta shaidar Baba ba, ina so ki san wannan kafin komai. Na ɗauko robar na duba, tsagar tana inda ya kamata. Abin da ya faru shi ne, hatimi in aka buga shi a takarda komai juyewa yake yi, hagu ta koma dama. Na san haka. Na ja layi da jan biro a ƙarƙashin wannan bayani a darasi. Na tuna da shi wajen rubuta "Man Shanun Gwaram", na sassaƙa kowane harafi a juye. Kunne ne kawai na manta. Ki gaya wa Hapsatu roba ce ta ba ta saniya, ba ni ba, kuma roba ba dagaci ba ce.

Game da sauran matan, suna da gaskiya, ko da yake da sun faɗa tun farko, da yatsana bai yanku a banza ba. Kun ce in yi saniyar gaske, na yi, kun ce ta yi gaske da yawa.

Ga na uku. Kan saniya ne kaɗai, yana kallon mai saye, ƙaho a sama, kunnuwa a miƙe har bakin takarda, kuma dukansu lafiyayyu, babu tsaga ko ɗaya. Ko an juya shi ɗaya ne. Ba ta kowa ba ce, don haka ta kowa ce. Farin goshin na bari. Shanu masu farin goshi suna ko'ina, kuma wannan ba zan cire ba.

Tawada ta kusa ƙarewa, don haka duk abin da na buga na aiko miki. Ki ware mini ɗaya mai tsabta ki dawo da ita da sa hannunki, ita zan aika Legas. Kada a rubuta komai a kai, kada a ɗora mata kwalba, kada a ba yara.

Naki,
Sada.

Gwaram.

Ƙanena,

Ina gaisuwa. Ga sa hannuna, ga na Inna Jummai da ta dangwala yatsa, har da na Hapsatu. Ka zauna kafin ka karanta sauran.

Da na raba takardun, Inna Jummai ta duba ta ce, "Saniyar da babu shaida a kunnenta, ko ɓatacciya ce ko ta sata. Wa zai sayi man saniyar sata?" Na ce mun sake komawa gidan jiya. Hapsatu ta kwance bakin zanenta ta ciro reza, ta tsaga kunnen dama na takardar da ke hannunta, ta manna a kwalbarta. Ni kuma raina ya ɓaci, na ce ba ni rezar nan, na tsaga hagu a tawa. Inna Jummai ta ce, "Ku miƙo mini, mu bakin kunne muke gutsirewa." Kafin la'asar kowacce ta yi wa tata shaidar gidansu. Tun da muka kafa ƙungiyar nan ban ga taron da aka tashi ana dariya ba sai wannan.

Kaya sun je Kano. Kwalba ɗaya ta yi tsami, Madam ta ba Ɗan'auta ya dawo da ita. Ya duba kunne, ya wuce kai tsaye ƙofar gidan mai ita, bai tambayi kowa ba. Ba zan faɗi suna ba, amma tsagar ba a hagu take ba. Madam ta aiko cewa haka take so a ci gaba.

Mai tsabta kuwa babu, an yanke duka. Ga guda huɗu yankakku.

Abu ɗaya ya rage. Kunnuwan sun yi ƙanana. Masu tsaga biyu ba sa samun wuri, takardar yagewa take yi. Ka ƙara musu girma.

Yayarka,
Zahara'u.

Birnin Kudu,
11 ga Maris, 1976.

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na ce kada a rubuta, kada a ɗora kwalba, kada a ba yara. Bai zo mini ba in ce kada manya su sa mata reza. Laifina ne.

Ƙa'ida ta uku ita ce kada a taɓa tambari. A kanta malaminmu ya fi tsanani. Ya taɓa rage mini maki don na matsar da harafi ɗaya kaɗan. Yanzu zan aika masa da saniya huɗu, kowacce da irin raunin da aka ji mata.

Ba zan ɓoye miki ba, na matse sauran tawadar na buga ɗaya mai tsabta, na sa ta a ambulan da sa hannunku. Babu wanda zai taso daga Legas ya leƙa kanti a Kano. Ambulan ɗin ya kwana a aljihuna ya yini, na wuce gidan waya ban shiga ba. Abu ta gan shi lokacin wanki, ta ce, "Wannan ce ta kwalbar?" Na ce kusan ita ce. Ta ce, "To," ta ci gaba da wankinta. Kin san wannan "to" ɗin nata.

Makaranta cewa ta yi a aiko da abin da masu sana'a suke aiki da shi, kuma ba da wannan kuke aiki ba. Saboda haka na koma wurin Malam Luke da kunya na roƙi wata robar da tawada. Na sassaƙa sabon hatimi, na ƙara wa kunnuwan girma har suka fita daga ma'aunin da aka koya mana. Na haɗa da yankakkun nan huɗu, na rubuta dogon bayani cewa tsagar tana cikin tsarin, kuma ba ni na ƙirƙiro ta ba, matan ne. Jiya na jefa a akwatin gidan waya. Tun daga lokacin nake ganin na yi wauta.

Ga sababbin takardu. Ku yanka yadda kuka ga dama. In an kayar da ni, sai ki gaya wa maigidanki zan sa sunansa da wuri a layin taki.

Naki,
Sada.

Birnin Kudu,
26 ga Afrilu, 1976.

Yaya,

Assalamu alaikum. Amsa ta zo. Na ci, da ƙyar. Malamin ya rubuta cewa saniyar ta fi kama da zomo, kuma a duk shekarunsa bai taɓa ganin tambarin da aka yi don a yanka shi ba. Ya ce zai riƙe guda biyu ya nuna wa abokan aikinsa. Ban gane ko yabo ne ko dariya za su yi ba, kuma ban tambaya ba.

Na kai takardar shaidar ofishin yaɗa labarai. Sun ce in zo da kayan zanena ranar ganawa, kuma ina so in je da kwalbar a hannu.

Ki ba Ɗan'auta ɗaya ya kawo mini, daga cikin naki. Ki duba kunnen da kyau kafin ki miƙa masa. Na hagu nake so. Hagun saniyar, Yaya, ba naki ba.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Sada.