Sa Hannun Uban Baiwa

Litinin, 5 ga Fabrairu, 2024
An tara mu shugabannin firamare a Gaya, wai bita kan shugabanci mai mutunta al'adun jama'a. Wata Malama Khaula aka turo daga Kano, da kwamfuta da ruwan gora. Ina jin ranar da na fara riƙe alli ba a haife ta ba. Ita ce za ta koya mini mutanen Toranke! Shekara goma sha tara ina cikinsu.

Talata, 6 ga Fabrairu
Yau da'ira aka sa mu yi kamar 'yan aji ɗaya. Shinkafar ma ba gishiri. Aikin gida kuma: kowa ya je gidan ɗalibi guda, ya zauna ya "saurara". To, Allah ya kyauta.

Alhamis, 8 ga Fabrairu
Na koma makaranta. Fom ɗin Baiwa na jarrabawar shiga makarantar kwana yana nan ba sa hannu, ranar 16 za a rufe karɓa. Ita ce ta ɗaya a aji shida, daga rugar bayan gari take zuwa. Sau uku ina aika wa ubanta Bubayero ya zo, sau uku yana turo mini kawunta Sagiru. Yau ma na kore shi. Na ce fom "uba" ya ce, bai ce "kawu" ba. Ya tsaya yana murza hula, wai "Malam, ai ni ne." Kai ne wa? Mutum ya fifita shanu a kan 'yarsa, sannan a ce ni zan je bita.

Asabar, 10 ga Fabrairu
Khaula ta bugo waya, wai na yi ziyarar? Naci kamar ƙuda.

Litinin, 12 ga Fabrairu
Na je rugar, don dai a bar ni in huta, kuma in gaya wa mutumin nan gaskiya. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Ina ambatar sunan Baiwa, Bubayero ya sunkuyar da kai, ya koma zancen rijiya. Na sake, ya tashi wai zai duba maraƙi. Raina ya ɓaci sosai.

Tsohuwarsa Hanne ce ta dube ni. "Malam, kai ba ɗan ƙasar nan ba ne? 'Yar fari ce fa. Tun yaye tana hannun Sagiru, shi ne mai magana a kanta."

Na sani mana. Ni ma ɗan fari ne, har mahaifina ya rasu bai taɓa kiran sunana ba. Kawai dai ban kawo shi cikin maganar fom ba.

Da zan tafi Bubayero ya rako ni har wajen babur. Yana kallon wani gefen ya ce, "Yarinyar Sagirun nan... tana ƙoƙari kuwa?" Na ce ita ce ta ɗaya. Ya riƙe mini babur ɗin har na hau.

Laraba, 14 ga Fabrairu
Sagiru ya dangwala yatsa, fom ya tafi ofishin ilimi na Ajingi. Ba don bitar ba, dama zan yi.

Alhamis, 15 ga Fabrairu
Ba wani dalili, na ɗauko fayil ɗin bara. Yara uku ne ba su zauna jarrabawar ba, a gaban sunan kowanne na rubuta da jan biro, "uba ya ƙi zuwa". Na kira Malam Kamilu, malaminmu da yake ɗan garin ne, na karanta masa sunayen. Kabo, Hure, Zuhra. Ya ce duka 'yan fari ne. Hure ta fi Baiwa lissafi.

Rahoton ziyarar da Khaula ke jira na rubuta mata layi biyu, ya ishe ta. Gobe bayan masallaci zan nemi kawun Hure. Ban san da wane baki zan fara ba.