A Buɗe Mana Ɗakin Kwamfuta Kafin Mama Saratu Ta Koma Gida

Zuwa ga Baba Shugaban Kwamitin Gudanarwa na makarantarmu ta sakandare da ke Kakuri,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fatan kana lafiya, da Mama da jikoki. Ni ce Malama Rahila, mai koyar da tarihi a manyan azuzuwa. Na nemi ganinka a ofis ban dace ba, na tare ka bayan sujada ka ce in rubuto. To ga shi na rubuto, kuma na bar wasiƙar a buɗe don iyaye su gani, tunda aikin 'ya'yansu ne a ciki.

Na farko, godiya, kuma ba ta fatar baki ba. Na daɗe ina koyar da tarihi da alli da maƙogwarona kawai. Ina ba da labarin masarautu, rabin aji na gyangyaɗi, sauran na kallon agogo. Da kwamitinku ya sayo kwamfutoci da manhajar nan ta bincike, sai na zama kamar sabuwar malama. Na raba yaran rukuni-rukuni, kowane rukuni da shafinsa, inda suke naɗar murya, su sa hotuna, su jera abubuwan da suka faru bisa shekaru, su dasa su a kan taswira. Manhajar ba ta cin data, wuta kawai take so. Wani rukuni ya ɗauki layin dogo, wani ya ɗauki zuwan 'yan kasuwar kudu Kakuri. Waɗanda na tura unguwar Television su tambayi dattawa yadda unguwar ta cika, sun dawo da labarai masu karo da juna, suka yi ta musu a gaban kwamfuta a kan wanda za a yarda da shi. Ni kuwa na koma bayan aji na zauna ina murmushi, don abin da na yi shekaru ina son su gane ke nan. Ban taɓa jin daɗin aikina kamar wannan zangon ba.

Na biyu, maganar rukunin da ya ɗauki tarihin masaƙun Kakuri. Su ne suka gano cewa Mama Saratu, tsohuwar da ke suyar ƙosai kusa da ƙofar makaranta, ta yi aiki a kan injin saƙa tun tana budurwa. Ni da nake sayen ƙosanta kullum ban sani ba. Suka kawo ta ɗakin kwamfuta don naɗar muryarta, ta ba su labarin jiniyar canjin aiki, da yadda kekuna ke cika titi, da ƙurar auduga da ke mai da matasa masu furfura kafin a tashi. Ta nuna musu yadda suke magana da hannu saboda ƙarar injina, har yanzu yaran na yi wa juna alamun a aji suna tsammanin ban gani ba. Sai dai ta kafa sharaɗi. Ta ce, "Ku yaran yanzu akwai ku da ƙarin gishiri. Kada wani ya ji wannan abu sai na zo na ji da kunnena, na gyara abin da kuka karkata." Yaran suka dube ni, ni kuma na ɗaukar mata alkawari.

Na uku, a nan kukana yake. Wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona kwamfuta ɗaya. Kwamiti ya zauna, aka lulluɓe sauran da yadi kamar kayan amarya, aka garƙame ɗakin, makulli kuma ya tafi gidanka a Gonin Gora. Aka ce ba za a buɗe ba sai ranar jarrabawar kwamfuta ko idan baƙi sun zo duba makaranta. Na ji an ce wani dattijo a zaman ya tambaya me ya haɗa tarihi da kwamfuta, ai tarihi labari ne, da baki ake yinsa. Ban riƙe shi a zuciya ba, haka aka koyar da shi, haka aka koyar da ni. Amma Baba, ranar Asabar abin ya faru, ba ɗalibi ko ɗaya a ɗakin. Kwamfutar da ta ƙone ita kaɗai ce aka jona kai tsaye a bango babu sitabilaiza. Yaran ba su ɓata komai ba, su ne ma masu share ɗakin.

Duk aikin da suka yi yana cikin waɗannan na'urori, babu kwafinsa a wani wuri. Na san tsoron asara ne ya sa kuka rufe, kuma na san da gumin iyaye aka saye su. Sai dai kwamfutar da ke ƙarƙashin yadi ba ta koyar da kowa, ƙura kawai take tarawa.

Na huɗu, lokaci ya ƙure mana. Ƙafafun Mama Saratu sun gaza, ɗanta zai zo ya kwashe ta zuwa ƙauye kafin Kirsimeti, kuma ba da niyyar dawowa ba. Ta riga ta ba maƙwabciyarta kaskon suya, zama kawai take zuwa yi a wurin. Duk sanda na wuce sai ta ce, "Malama, yaushe zan zo in ji muryar tawa?" Na ce mata gobe, na ce mata jibi, yanzu har na fara bi ta bayan makaranta don kunya.

Roƙona kaɗan ne. A dawo da makulli hannun shugabar makaranta, a ba tarihi lokacinsa a ɗakin kamar da, a sa wa kowace kwamfuta sitabilaiza, a ba mu inda za mu riƙa kwafe aikin yara. Idan waɗannan sai kwamiti ya sake zama, to a ba ni yamma ɗaya a wannan makon. In hankalinka bai kwanta makullin ya bar hannunka ba, ka zo da shi da kanka, ka buɗe, ka zauna tare da mu, in mun gama ka rufe. Ni zan ɗauko Mama Saratu a keke napep.

Baba, in ta hau mota ba ta ji ba, aikin wannan rukuni ya mutu a cikin na'ura, don ba zan nuna wa kowa shi ba, ko da kwamiti ne ya nema. A gaban ɗalibaina na yi mata alkawarin, kuma sun zuba ido su ga yadda malamar tarihinsu za ta yi da maganar tsohuwa.

Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, ya ba kwamiti hikima, ya tsare ka a hanyar Gonin Gora safe da yamma.

Wassalam, tare da ladabi,
'yarka,
Malama Rahila.