Furen da Inno ta gane a hoto

Zuwa ga Adda Aminatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Auwal da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Fatakwal. Mu nan Kontagora sai godiya. Ruka ta yaye 'yarmu Khairat, yarinyar har ta fara ƙiriniya, ba abin da ta bari a kan tabarma.

Adda, na zaɓi rubutu ne don godiyar da nake da ita ba za ta shiga kiran minti biyu ba. Kuma akwai abin da na ɓoye miki. Tun da Inno ta karye a ƙugu muka ɗauko ta daga ruga zuwa gidana, ba ta sake zama Innon da kika sani ba. Ƙashi ya haɗe, amma ta juya fuska bango, abinci sai loma biyu, magana sai an yi da gaske. Likita ya ce muddin ba ta ci, ba za ta tashi ba. Na ji tsoro ƙwarai.

Wayar nan mai ɗaukar hoto da kika aiko mini, da ita nake fita kowace Asabar in taka zuwa bayan gari, ba na nisa saboda halin da ake ciki. Da damina na ɗauko hoton balbelu a fadama, da kaka na ɗauko dawa ta sunkuyar da kai. In na dawo in nuna wa Inno, ta duba ta kawar da ido. Da rani ya shigo aka ƙone wani fili, toho ya fito kore shar, da wasu furanni rawaya masu kyau a tsakani. Na durƙusa na yi ta ɗauka. Har na kira Baffa Yero na ba shi labarin ciyawa, da yake shanunsa sun rame, ya ce gobe zai sa a koro maruƙa can.

Da na miƙa wa Inno wayar, sai ta riƙe hannuna ta ce in ƙara girman hoton. Kafin in ankara ta yunƙura ta zauna da kanta, abin da ta yi wata huɗu ba ta yi ba. Ta ce tururubi ne, dafi ne, kuma maraƙi mai yunwa ba ya tsayawa zaɓe. Ta ce an kai ni boko an dawo da ni ban san abin da ke kashe saniya ba. Ta karɓi wayar ta yi wa Baffa faɗa da Fillanci har muryarta ta dushe, aka fasa koro maruƙan. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, balle ni da na durƙusa. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Tana gamawa ta ce a dama mata fura.

Yanzu ita ke tsara mini yawona. Ta hana ni ɗaukar faɗuwar rana, wai ba a kiwo a sama. Duk ganyen da na kawo sai ta faɗi sunansa da amfaninsa, ina rubutawa. Jiya ta taka da sanda har zaure. Allah ya saka miki da alheri, Adda, ya sa 'ya'yanki su yi miki fiye da haka.

Ki gaida Malam Auwal, da Abdulfatahi da Salihatu. Ruka na gaishe ku. Inno ma na gaisuwa, ta ce hotunan fuskarki sun ishe ta, ta san kamanninki. Ki fita ki ɗauko mata ciyawar garinku, tana son ta ga abin da shanun can suke ci.

Ƙaninki mai yi miki addu'a,
Nazifi