Tankin Ruwana Ba Ɗakin Haya Ba Ne

Zuwa ga Maigirma Shugaban masu yanka harajin gidajen haya na yankinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan iyali lafiya, aiki kuma da sauƙi. Ni ce Hajiya Asabe, tsohuwar malamar firamare, mai gidan haya ɗaki huɗu a Bodinga. Ranka ya daɗe, ma'aikacinka ya ƙara mini ɗaki na biyar, ni kuwa ban san na gina ba.

Na ɗaya. Bara na sayar da tumakina biyu da albasar da ƙanena ya noma mini a Dandin Mahe, na sa magini ya yi tankin siminti a tsakar gida, aka jawo indararo daga kwano zuwa cikinsa. Na yi masa rufi saboda ƙadangaru, da 'yar ƙofa don a shiga a wanke. Matan gidan suka huta da 'yan ga-ruwa har bayan kaka.

Na biyu. Ma'aikacinka ya zo da biro yana ƙirga ƙofofi. Ya ga rufi, ya ga ƙofa, ya rubuta ɗaki. Na roƙe shi ya leƙa, ya ce takardarsa ba ta da gurbin tanki. Harajina ya tashi daga naira goma sha biyu zuwa sha biyar. Shekara ashirin ina koyar da lissafi, ban taɓa ganin ɗalibin da ya tara ruwa da ɗaki ya sami biyar ba.

Na uku. Da kananzir ya zama sai an yi layi, na gina wa matan murhun laka mai rufaffen ciki, ƙunshin itace guda ya kai su kwana huɗu maimakon biyu. Shi ma an rubuta shi cikin ƙawar gida, wai baɗi zai hau kuɗi. Kullum rediyo na cewa a tsuke bakin aljihu. Na tsuke, kun ci ni tara. Wanda ya bar gidansa ba ruwa ba gyara, nasa harajin yana nan yadda yake.

'Yan hayata malaman makaranta ne, albashinsu sai ya ga dama yake zuwa, ba zan ƙara musu ko kwabo ba. Maƙwabtana biyu kuma sun sayi simintin yin nasu tankin, sun jingine, suna jiran su ga yadda zan ƙare da ku.

Roƙona, a soke wannan ɗaki, a mayar mini da naira ukuna, a buɗe gurbi a takardarku inda mai tattalin ruwa da itace zai sami rangwame. Idan kuwa kun dage ɗaki ne, to ku turo mini ɗan haya. Sharaɗina ya biya wata uku gaba, ya kuma iya iyo.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya ba ma'aikatanka haƙurin buɗe ƙofa kafin su rubuta.

Wassalam.

Hajiya Asabe,
Bodinga.