Zif Ɗin Nan Lafiyarsa Ƙalau

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, inuwata ta tsakar rana, ruwan farko da ya sauka a busasshiyar gonata. Zuwa ga mijina, Mai Agogona, sarkin taurin kai na duniya.

Bayan gaisuwa da kewar da ta fi ƙarfin wannan takarda, ina fatan jikin da sauƙi, ina kuma fatan kana shan maganin ba sai yayarka ta bi ka ɗaki ɗaki da kofin ruwa ba. In ni kake tambaya, ba lafiya nake ba. Ba zan yi maka ƙarya ba, ƙarya ai kai ka iya ta, kuma a kanta nake son mu yi magana.

Ga jaket ɗinka nan na ba Yaya ta kawo maka. Tun ranar da ka kwashe kayanka ka koma gidanta yake rataye a ƙusar bayan ƙofa, kafaɗunsa a sake kamar shi ma fushi yake yi. Kullum in zan fita sai ya shafi hannuna, in na dawo sai ƙamshin man agogo ya tare ni kafin in cire takalmi. Wayyo masoyina! Mutum ya tafi ya bar ƙamshinsa yana gadin ƙofa, wace irin mugunta ce wannan? Sanyi ya fara shigowa da safe, na kuma san ƙirjinka ba ya shiri da sanyi. Da me kake rufe shi a can?

Ka tuna ranar da jaket ɗin nan ya ɗaure mu? Lokacin ko maganar aure ba a fara ba. Muna tsaye a rumfar jiran mota, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya, ina ta kakkarwa ina cewa ni ba na jin sanyi. Ka cire shi ka yafa min, ka ja zif ɗin, sai ya cafke bakin mayafina ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na buɗe baki zan fara masifa, ka ce in tsaya cak. Ka zaro ɗan hantsakin nan naka na aiki daga aljihu, ka sunkuyo, kana zare mayafin zare ɗaya bayan ɗaya. Motarmu ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Ban taɓa ganin hannu mai natsuwa irin naka ba, hannun da ke ɗaukar ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba ya ajiye ta a mazauninta. Numfashinka yana sauka a wuyana. Sai bayan mun yi aure ka gaya min da ka so da tuni ka cire shi, jan lokaci kawai kake yi. A ranar ka raɗa min 'Yar Barkono, sunan da har yau babu mai kirana da shi sai kai.

To ashe tun can ka saba yi min wayo da zif.

Da ka fara cewa zif ɗin nan yana maƙalewa, ni wawiya na yarda. Na goga masa kyandir. Na goga sabulu. Na bi haƙoransa da bakin fensir, na wanke su da tsohon burushi, na datse duk wani zaren da ya leƙo. Da ka ce har yanzu yana gardama, na ɗauko filaya na matse kan zif ɗin, har sai da ta cije min yatsa. Kowace safiya sai ka tsaya a gabana ka saki hannuwa, ka ce in gwada in gani ko ya gyaru. Ni kuma in haɗa bakinsa a ƙasa, in ja shi zuuu har haɓarka, ina mita ina cewa a hannuna dai lafiya lau yake hawa, kai ne ba ka da haƙuri. Sai ka yi murmushi ka ce ai ni yake tsoro. Kai da ba ka yarda kowa ya taɓa maka ko sukudireba, kai da ke gyara agogon da kowa ya gaza, wai zif ne ya gagare ka har ka kawo min!

Sai safiyar nan da na dawo ɗaukar jakata, na hango ka ta madubin ƙofar wardirof. Kana tsaye kai kaɗai, ka riƙe gefe biyun jaket ɗin kana son ka zura ɗan ƙarfen a raminsa, hannunka na dama yana rawa kamar ganye a iska. Ka gwada, ya kuɓuce. Ka sake, ya kuɓuce. Gumi yana tsattsafo maka a goshi duk da sanyin safiyar. Sai idonka ya haɗu da nawa a madubin. Wallahi da wuƙa aka soka min da ta fi min sauƙi a kan abin da na gani a fuskarka. Zif ɗin lafiyarsa ƙalau, rabin raina. Tun farko lafiyarsa ƙalau.

Sauran ka san shi. Likita ya ce rawar hannun ba za ta tafi ba, sai dai a rage mata gudu. Ka mayar wa mutane agogunansu, ka rufe shago, ka daina cin abinci a gabana don kada in ga cokali yana ƙara a bakin kwano. Rannan na dawo daga aiki na tarar da makullinka na gida a kan tebur kusa da butar shayi, kai kuma babu kai. Da na bi ka, ko fitowa ba ka yi ba. Yaya ce ta fito tana share ido da gefen zane, ta isar min da saƙonka: “Ki gaya mata ban aure ta don ta ƙare rayuwarta tana saka min maɓalli ba.”

Haba Mai Agogo! Haba sanyin idona! Wa ya ba ka izinin yanke min abin da zan ƙare rayuwata ina yi? Ka tambaye ni? Watanni ina ja maka zif kowace safiya kana jin daɗi kana yi min dariya, lokacin laifin na zif ne ba ka ji kunya ba. Yanzu da laifin ya koma na hannu sai abin ya zama abin gudu? Hannun da na ja maka da shi jiya shi ne dai na yau, bai canza ba. Ni ba hannunka kaɗai na aura ba. Na auri tarin da kake yi kafin ka shigo ɗaki, na auri gardamarka, na auri yadda kake kallon agogon bango in na makara ba ka ce komai ba. Ga shi can ma ya tsaya tun makon da ka tafi, na ƙi bari kowa ya taɓa shi. Gidan ya yi shiru, shirun da ke sa kunne ciwo. Ina dafa abincin mutum biyu in zauna ina kallonsa har ya huce. Ina jin haushinka, ina kewarka, kewar kuma ta fi yawa.

Yanzu duba zif ɗin da kyau. A wannan karon gyara na gaskiya na yi. Ɗan kunnen da ake riƙewa a ja ya yi wa yatsunka ƙanƙanta, na ɓalle shi da filaya, na zura zobe mai faɗi a madadinsa. Ba sai ka tsunkula ba, yatsa ɗaya za ka zura ka ja sama, ko hannun yana rawa zai hau. Zoben kuwa ka san shi, na makullinka ne da ka bari a tebur. Makullin ma yana nan a jikinsa, ban cire ba, ba kuma zan karɓa ba in ka aiko da shi.

Abu ɗaya ne na rasa dabararsa. Na juya jaket ɗin nan ciki da waje, na yi tunani har kaina ya yi ciwo, amma haɗa bakin zif a ƙasa sai da hannu biyu masu natsuwa, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya zura. Wannan ba ya shiga leda, balle in ba Yaya ta kawo maka. Hannuwan suna nan wurina, ba su da wani aiki da safe tun da ka tafi. Ka zo in haɗa maka ƙasan, kai kuma ka ja saman da kanka, ni ko kallo ba zan yi ba in ba ka so. In ma ka ga dama ka ce zif ɗin ne ya sake maƙalewa. Wallahi zan yarda, har kyandir zan ɗauko.

Taka a ranar da hannunka ya natsu, taka a ranar da yake rawa, taka har ranar da nawa ma zai fara,

'Yar Barkononka.